Agogo a fuskar manhaja: ado ne ko amfani?

Abba_Kod:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambayata ga masu rubuta manhajar waya ce, amma ko wanda bai taɓa rubuta kod ba ya sa baki, don ku ne masu amfani da abin.

Ina haɗa wata ƴar manhajar Android ta rubuta ciniki da bashi: wane ya ɗauki buhun shinkafa, ya ba da jika goma, saura kaza. Wasu masu shaguna a Kasuwar Dole suna gwada mini ita. A saman shafin farko na saka babban agogo mai awa da minti da sakan, ƙarƙashinsa kwanan wata. Na kuma yi wijet, ɗan akwatin nan da ake ajiyewa a fuskar waya, yana nuna lokaci da jimillar cinikin yini.

Abokin aikina ya ce agogon cikin manhajar cin wuri ne kawai, tunda waya tana nuna lokaci a can sama kusa da alamar rezo. Ni kuwa ina ganin ya ƙawata shafin. Wa ke da gaskiya? Sannan agogon wijet ɗin yana maƙalewa: goma da kwata ta yi, shi yana nan a goma saura. Me ke kawo haka?

Mamman_Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta biyu, ita ce mai sauƙi. Na tabbata lokacin ka rubuta shi kamar kowane rubutu, kana jiran Android ta tada manhajarka ta canza shi. Ba za ta yi ba. Wijet ba a cikin manhajarka yake zaune ba, yana hannun manhajar da ke kula da fuskar waya, kai saƙo kawai kake aika mata. Sabuntawar da Android ke yi wa wijet da kanta kuwa ba ta wuce sau ɗaya a minti 30. Ko minti ɗaya ka rubuta mata, 30 ɗin za ta ba ka. Saboda batir aka yi haka.

Maganinsa TextClock, wani agogon lambobi da Android ta tanadar wa masu rubuta manhaja. Ka saka shi cikin tsarin wijet ɗin, ka ba shi siffar da kake so, ka ƙyale shi. Da kansa yake juyawa, ko manhajarka na barci ba ruwansa. Tun Android 4.2 ya shigo, a 2012, da wuya ka samu wayar da ke yawo a Damagaram yau da ba ta san shi ba. Jimillar ciniki kuma ba ta buƙatar jiran lokaci: duk sa'ad da aka rubuta sabon ciniki, ka tura wa wijet sabuntawa nan take.

Abba_Kod:
Allah ya saka da alheri Yaya Mamman. A wani bidiyo an ce in saita ƙararrawar da za ta riƙa tada manhajar kowane minti. Wannan fa?

Mamman_Yamai:
Kar ka soma. Ka lissafa: sau 1440 kenan a yini kana tada wayar mutum don kawai ka canza lamba ɗaya. Kuma ba ma zai yi aiki yadda kake zato ba. Tun Android 6, a 2015, idan waya ta daɗe a ajiye fuskarta a kashe, tsarin yana tara irin waɗannan ƙararrawa ya jinkirta su. Daga Android 12 sai ka nemi izini na musamman kafin ka saita ƙararrawa mai bugawa daidai kan minti, a Android 14 kuma yawancin sabbin manhajoji a rufe izinin yake zo musu sai mai waya ya buɗe da hannunsa. Ka je ka yi wa mai sayar da shinkafa bayanin wannan mu gani.

Hadiza_Jami'a:
Ni a kan ta farko zan yi magana, kuma ina bayan abokin aikinka, Abba. Ɗan kasuwa ya buɗe manhaja mutum na tsaye gabansa yana jira. Abin da idonsa ke nema shi ne sunan mai bashi da adadin kuɗi. Kai kuma ka ba agogo kashi ɗaya cikin huɗu na shafin, a wayar da dama fuskarta ƙarama ce, sai ya ja ƙasa kafin ya ga abin da ya kawo shi. Sakan ɗin ma me zai yi da shi? Ba tseren doki ake ba. Kowane sakan waya na sake zana shafin, batir na tafiya, ga shi da zafi ya shigo kuran sai a hankali.

Alhaji_Mai_Shinkafa:
Salamu alaikum. Ina cikin waɗanda yaron nan ya saka wa abin a waya. Ni dai kar a taɓa mini agogona. Wancan na sama da kuke faɗi, ku ne kuke ganinsa. Ni sai na nemo tabarau, in kuma rana ta haska gilashin ko da tabaran ba na gani. Wannan babban tun daga kan buhu nake hango shi.

Hadiza_Jami'a:
Allah ya ƙara lafiya Baba Alhaji. To ai kun ga ba agogo ne ya yi muku kaɗan ba, rubutun wayar ne gaba ɗaya ƙanana. A cikin saitin waya akwai wurin ƙara girman rubutu, Abba ya buɗe muku.

Alhaji_Mai_Shinkafa:
An buɗe ƴata. Sunayen mutane suka yi girma har suna fita daga layi, na saman nan kuwa ɗan abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. A bar mini nawa.

Mai_Gyara_Dole:
Ku kuna gardamar girma da ƙanƙanta, ni abin da nake gani a teburina daban ne. Kun ɗauka agogon waya daidai yake. Wallahi cikin wayoyin da ake kawo mini, masu lokacin da ya kauce ba su da iyaka. Wata an cire batir an mayar, ta koma wata shekara can baya. Wata mai ita ya saita da hannu ya ƙara minti goma don kar ya makara. Sau da yawa ba sa sani sai WhatsApp ya ƙi buɗewa ya ce a gyara kwanan wata, sannan a rugo wurina a ce waya ta lalace.

Amma wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta ƙarshen watan Maris. Wayoyin hannu na biyu da ake kawowa daga Turai, da waɗanda aka saita da Faransanci aka danna Paris a wurin zaɓen gari, duk lokacin sanyi lafiya lau suke, don a lokacin agogonmu ɗaya da Faransa. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris Faransa ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, sai wayar Malam a Birni ita ma ta bi. Ya tashi ya ga shida, alhali biyar ce. Abin da mutane ke yi kuma shi ne su mayar da awar baya da hannu su bar garin a Paris. Fuskar waya ta nuna daidai, amma a cikinta ta kauce da awa guda, saƙonni su riƙa zuwa da lokacin da ba shi ba. Oktoba ta zo, Faransa ta mayar da agogonta baya, a sake wata rigimar.

Abba, babban agogonka lokacin wayar zai nuna. Idan wayar ƙarya take, ka ƙara wa ƙaryar girma ne kawai.

Ɗan_Magarya:
Hahaha wallahi an yi wa kawuna wannan. Ranar ya riga ladan zuwa masallaci, ya zauna yana faɗan mutanen yanzu ba sa son asuba.

Mamman_Yamai:
Maganar Mai Gyara ta fi duk abin da na faɗa nauyi, musamman ga manhajar bashi. Abba, me kake ajiyewa idan an rubuta ciniki? Idan abin da fuskar waya ta nuna kake kwafewa, ka gina rigima. Yaron shago zai iya mayar da kwanan wata baya, ya rubuta abin da ya ga dama, ya dawo da shi, littafi ya nuna tun makon jiya aka yi.

Yadda ake yi: a ajiye lokaci da ma'aunin duniya na UTC, sai wajen nunawa a juya shi zuwa namu, wanda ke gaba da shi da awa ɗaya. Idan akwai intanet, lokacin sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhajar a intanet, shi ne shaida, ba na waya ba. Idan babu, Android na da wani ƙidayan daban mai lissafa tsawon lokacin da waya ta yi tun da aka kunna ta, wanda canza agogo da hannu ba ya taɓa shi. Ka riƙe lokacin sabar na ƙarshe da ka samu, ka riƙa ɗora wannan ƙidayan a kai. Rauninsa ɗaya, idan aka kashe waya aka kunna yana komawa sifiri. A nan sai ka yi wa cinikin alama cewa lokacinsa bai tabbata ba, har rezo ya dawo.

In ka yi haka, to agogonka na cikin manhaja ya samu aikin yi: yana nuna lokacin da littafi ke aiki da shi, in ya saɓa da na waya da fiye da ƴan mintuna ya gargaɗi mai shago.

Hadiza_Jami'a:
Wannan na yarda da shi Yaya Mamman, amma gargaɗi layi ɗaya ne ja da zai fito ranar da aka samu saɓani. Bai kai a ba shi rubu'in shafi kullum ba.

Ladan_Garin_Malam:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ban san kod ba, amma lokaci sana'ata ce. Ɗana Abba, idan za ka saka agogo, saka wanda zai gaya wa ɗan kasuwa saura minti nawa a kira salla, ya san ko zai buɗe sabon buhu ko ya fara rufe shago. Sai dai ina jan kunnenka. Matasa suna zuwa mini da waya a hannu suna cewa Malam ka makara, ko Malam ka yi sauri, kowa da abin da manhajarsa ta ce. A azumi abin ya fi tsanani. Wani ya ga an sha ruwa a nan, wayarsa ta ce saura kusan rabin awa, ashe jadawalin Yamai take ba shi.

Mushe_Lissafi:
Malam ya taɓo inda nake so. Nijar duka agogo ɗaya muke bi, daga Tera har Bilma, amma rana ba ta san da wannan ba. Duniya na juya digiri 15 a awa ɗaya, wato kowane digiri minti 4. Damagaram tana wajen digiri 9 gabas, Yamai tana wajen digiri 2. Tazarar kusan digiri 7 ce, ka ninka da 4, kusan minti 28. Shi ya sa muke shan ruwa mutanen Yamai na nan suna kallon rana. Difa kuma tana gabanmu da wajen kwata. Kano ce ma ta fi kusa da mu a wannan lissafi, don kusan a layi ɗaya muke daga arewa zuwa kudu.

Wani abin kuma, agogon da muke bi an yanka shi ne a kan digiri 15 gabas, mu kuwa muna yamma da nan da digiri 6. Don haka rana ba ta tsayawa tsaka a Damagaram da sha biyu daidai, sai wajen 12:24 a matsakaici. Kuma tana yawo cikin shekara: farkon Nuwamba wajen 12:08, tsakiyar Fabrairu wajen 12:38. Duk wanda ya rubuta lokacin zawali lamba ɗaya ya daskarar da ita cikin manhaja, ya yi kuskure kusan duk shekara.

Ladan_Garin_Malam:
Allah ya ƙara basira Mushe. Abin da muke gani da inuwa ke nan, kai ka kawo shi da alƙalami. In ƙara da wannan: shigar lokaci daban, tsayar da salla daban. Azahar tana shiga bayan zawali, amma masallatai da yawa a garin nan sai wajen ƙarfe biyu saura ko biyu ake tayarwa, kuma kowane masallaci da nasa. Manhaja ba ta san wannan ba sai an gaya mata. A bar wa mai waya wurin da zai rubuta lokacin masallacin unguwarsu da hannunsa.

Mamman_Yamai:
Gaskiya ne Malam. Asuba ma manhajojin ba su haɗu a kanta ba, don lissafin ya dogara da yadda rana ta yi ƙasa da sararin gabas. Masu bin Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, suna ɗaukar digiri 18, masu bin lissafin Masar 19.5, na Ummul Ƙura ta Saudiyya 18.5. Tsakanin 18 da 19.5 a wajenmu minti shida ne da ɗoriya. Ga mai sahur ba ƙaramin abu ba ne. Ni shawarata Abba kar ya shiga wannan rigar, manhajar bashi yake yi. In ya ga dole, to yadda Malam ya ce: mai waya ya rubuta, manhaja ta ƙidaya saura.

Mai_Shayin_Zango:
Ni duk ban ga abin wahala ba. A garin da za a ce ɗaurin aure ƙarfe takwas a ɗaura tara da rabi, taron huɗu a fara bayan la'asar sakaliya, wa zai tsaya duba sakan? Ku saka agogo mai cewa "yanzu-yanzu" da "an jima" da "in Allah ya kai mu", ya ishe mu.

Ɗan_Magarya:
Ka manta "ga ni nan a hanya", alhali mutum bai yi wanka ba.

Direban_Agadas:
Ku yi ta dariya. Motocin manyan kamfanoni in an ce huɗu na asuba, huɗun ce, ka zo da kwata ka tarar da ƙura. Mutanenmu suna kiyaye lokaci sarai idan sun san ba za a jira su ba. Salla ma ai ba a jiran kowa.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Abba don Allah. Hirar makara a kai ta wurin mai shayi, dama can ta fi daɗi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To ni ga tawa. Na saman waya yana ba ni lokacin Damagaram, wanda ko ban duba ba na sani. Wanda nake nema kullum shi ne na inda kayana suke. Dubai tana gabanmu da awa 3, Guwanzu ta Sin da awa 7, Lome tana bayanmu da awa 1, Kwatano kuwa ɗaya muke. Kafin in gama abin kari in zauna, mutanen Sin suna shirin rufe shago. In ka kira mutum tsakar dare a kan kuɗi, ko yana son cinikinka sai ya ji haushi. Lokacin aikin Hajji kuma ga Makka, awa 2 a gaba. Ɗana, in za ka iya saka mini ƙananan agogo biyu ko uku in zaɓi garuruwan da kaina, wannan zan biya kuɗinsa. Babba guda mai maimaita abin da na sani, ba na so.

Abba_Kod:
Hajiya wannan ban taɓa tunaninsa ba. Yaya Mamman, sai in ɗauki lokacinmu in ƙara 3, in ƙara 7?

Baƙon_Liyon:
Kafin Yaya Mamman ya zo: a'a. Ga Dubai da Sin zai yi maka aiki don ba sa canzawa, amma ranar da wani ya zaɓi Faransa ka shiga uku. Ni nan Faransa daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogona ɗaya da na gida, sauran watanni ina gaba da awa ɗaya, har yau Inna ba ta daina tambayata dalili ba. Maroko a 2018 ta tsaya kan lokaci ɗaya da mu, amma ta riƙa ja baya da awa ɗaya a watan azumi. Masar ta daina canjin agogo, ta dawo da shi a 2023. Ba za ka iya bin wannan da hannu ba. Akwai kundin yankunan lokaci na duniya da ke cikin kowace waya, ana kiran kowane yanki da sunan gari, irin Africa/Niamey ko Asia/Dubai. TextClock ɗin da aka gaya maka yana karɓar wannan sunan kai tsaye. Ka ba shi suna, shi ya san sauran.

Idan wata rana za ka yi ta iPhone, can ma labarin ɗaya ne. Sai a 2020, da iOS 14, mutanen Apple suka yarda a ajiye wijet a fuskar waya, alhali Android na da shi tun 2009. Kuma suna ba kowane wijet kason sabuntawa, wajen sau 40 zuwa 70 a yini ga wanda ake yawan dubawa. Sai dai ka shirya musu jerin abin da za a nuna da lokacin kowanne tun da wuri.

Mai_Gyara_Dole:
IPhone nawa ne a Kasuwar Dole, Baƙo? Bar shi ya gama da Tecno da itel tukuna, su ne a aljihun mutane.

Ɗan_Magarya:
Tambaya: 14:30 za a rubuta ko 2:30? Mu nan bakin iyaka rabin cinikinmu da mutanen Najeriya ne. Lokacinmu ɗaya da su, amma mu mun saba da 14h30 na lakwal da takardun gwamnati, su kuma biyu da rabi suke rubutawa su ƙara haruffan Ingilishi a baya. Na taɓa tura wa wani 16h ya ce shi agogonsa a sha biyu ya tsaya.

Mamman_Yamai:
Kar manhaja ta zaɓa wa kowa. A saitin kowace waya akwai zaɓin awa 12 ko 24, TextClock yana duba shi ya bi. Ka ba shi siffa biyu, ya ɗauki wadda mai waya ya saba da ita.

Mushe_Lissafi:
Amma ko wanda ya rubuta 14h30, in ya buɗe baki "biyu da rabi na rana" zai ce. Mu ba gida biyu muka raba yini ba. Akwai na asuba, na safe, na rana, na yamma, na dare. Da ni ne Abba, ƙarƙashin lambobin zan rubuta shi yadda ake faɗa: "uku saura kwata na rana". Dattijo ya duba ya karanta abin da kunnensa ya saba ji.

Hadiza_Jami'a:
Mushe, to ƙarfe bakwai na yamma ne ko na dare? A Disamba duhu ya yi, a Yuni da sauran haske. Uku kuma, wani ya ce na rana wani ya ce na yamma. Duk inda Abba ya yanka sai an samu mai cewa ba haka ba.

Mushe_Lissafi:
Bayan magariba dare ne, ƴata. Ya bi faɗuwar rana.

Hadiza_Jami'a:
Kun ga mun koma lissafin rana da Yaya Mamman ya ce a guje masa. Daga agogon ado ga mu a ilimin taurari.

Alhaji_Mai_Shinkafa:
Tunda ana ta ƙari, ni ma a ƙara mini kwanan watan Musulunci. Yawancin masu karɓar kaya a wurina da shi muke alkawari: bayan Salla ƙarama, goma ga watan Tsakar Salloli, kafin Mauludi. Zakka ma da shi nake lissafi.

Ladan_Garin_Malam:
Alhaji ya kawo magana, amma nan ma da tarko. Kwanan watan da waya ke bayarwa na lissafi ne, galibi na Ummul Ƙura da Saudiyya ke aiki da shi. Mu kuwa ganin wata muke bi, sai Majalisar Musulunci ta ƙasa ta sanar. Sau da yawa muna saɓawa da kwana ɗaya, wani lokaci ma mu da maƙwabtanmu na Najeriya, da ke jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, ba ma tashi rana ɗaya. To a saka wurin da mutum zai ƙara kwana ko ya rage. Kuma a tuna kwanan Musulunci da magariba yake shiga, ba sha biyun dare ba. Daren Juma'a shi ne wanda Alhamis ta wuce ta bari.

Nana_Sabon_Gari:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ba wanda ya yi maganar agogo mai hannu. Kakata ba ta yi boko ba, amma agogon bango ta san in ƙaramin hannu ya kai nan azahar ta yi. Lambobi ba ta gane su. Ba za a saka irin wannan ba?

Mai_Gyara_Dole:
Ƴar'uwa, a da ne. Yanzu tsofaffin da ke zuwa wurina sun fi ni haddace lambar waya, kuɗi kuma ba a cutarsu ko dala. Lambobi sun shiga kowa. Yaran yanzu ne ma ba su iya karanta mai hannun ba.

Nana_Sabon_Gari:
Waɗanda ke zuwa wurinka masu waya ne ai. Akwai waɗanda ba ka gani.

Mamman_Yamai:
Ta fannin kod dai, AnalogClock, agogo mai hannu na Android, na nan, amma tun Android 6 aka sa shi cikin abubuwan da ba a son a ci gaba da amfani da su a cikin manhaja, ko da yake a wijet yana aiki. Wanda ke son mai hannu a cikin shafi gara ya zana nasa. In ka zana, abu biyu: ka tsayar da shi da zarar an fita daga shafin, kar ya yi ta juyawa a ɓoye yana shan batir. Sannan kar ka ce "bayan kowane sakan 60 ka ƙara minti ɗaya", don in an buɗe shafin a tsakiyar minti, naka zai riƙa canzawa bayan na saman waya, mutum ya ga agogo biyu a fuska ɗaya suna gardama. Kullum ka tambayi wayar ƙarfe nawa, ka jira farkon minti.

Abba_Kod:
Na gode ƙwarai jama'a. Wijet ɗin na canza shi zuwa TextClock, yana tafiya daidai da na sama yanzu. Sakan na cire. Maganar lokacin sabar zan zauna a kanta, don ita ce ta fi tsorata ni. Babban agogon kuwa har yanzu ban yanke ba. Ina tunanin in mayar da saman shafin wuri mai zaɓi: mai son babban agogo ya kunna, mai son garuruwa irin na Hajiya ya zaɓa, wanda ba ya so ya kashe. Ranar Alhamis da kasuwa ta cika zan zagaya in ga yadda kowa ke yi da shi.

Hadiza_Jami'a:
Zaɓi ba ya raba gardama, Abba. Yawancin mutane ba sa taɓa saiti, yadda ka ba su haka za su bar shi har wayar ta mutu. Tambayar tana nan: ranar da aka saka manhajar, a kunne zai zo ko a kashe? Ni a kashe.

Alhaji_Mai_Shinkafa:
A kunne.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ya tambayi mutum tun farkon buɗewa mana, kamar yadda ake tambayar harshe. Ni dai a sa mini Dubai da Lome.

Direban_Agadas:
Abba in ka gama da ƴan kasuwa ka tuna da mu. Masu shiga Libiya suna fama, can awa ɗaya suke gabanmu, kuma a hamada kwana da kwanaki ba rezo, waya ba ta da inda za ta ji an canza ƙasa. Wannan ƙidayan da Malam Mamman ya ce yana komawa sifiri in an kashe waya, to mu kashe ta muke yi don batir ya kai mu. Yaya za a yi da wannan?

Mamman_Yamai:
Agogon waya na ci gaba da tafiya ko a kashe take, muddin batir bai mutu ƙurmus ba ko an cire shi. Ƙidayan hana maguɗi ne kawai ke sakewa. Don sanin lokaci a hanya wannan bai dame ka ba. Ka saka agogo biyu a fuskar waya tun kana Agadas, ɗaya Yamai ɗaya Tarabulus, ba sa buƙatar rezo. GPS ma yana ba da lokaci daga tauraron ɗan'adam ba tare da layi ba, sai dai ba kowace waya ce ke gyara agogonta da shi ba. Wace iri ce a hannunka?